Ranar da Aka Kai Nusaiba Yaye

Ku gyara zama. Kai mai gyangyaɗi a can gefe, tashi ka wanke fuska, don in na gama kai zan fara tambaya. Maganar nan na daɗe ina juya ta a raina ban iya yanke mata hukunci ba, shi ya sa na kawo muku ita yau.

Akwai wani malamin makaranta, Malam Haladu. A birni yake koyarwa, amma asalinsa mutumin wani ƙauye ne da ake kira Rafin Ɗinya. Shi da matarsa Barira 'yarsu ɗaya ce, Nusaiba, 'yar fari, tana dab da cika shekara biyu. Da aka ba da hutun makaranta a tsakiyar bazara, sai ya ce a je gida a huta, a kuma yaye yarinya a can. A gidansu kuwa al'ada ce, ɗan fari in aka kai shi yaye ba ya dawowa, wani cikin dangin uba ne ke riƙe shi. Barira ta san da haka tun ranar suna. Ba ta ce uffan ba, don ita ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa a gaban mutane ba, saboda kunyar 'yar fari. In ta matsu sai ta ce "yarinyar nan".

Mutum uku ne suka sa rai a kan riƙon nan. Ta farko Inna Gambo, mahaifiyar Haladu, tsohuwa mai kaifin baki, wadda ta ce yaye na kaka ne tun fil azal, ba ta ga dalilin da za a tsaya ana shawara ba. Ta biyu Goggo Lanto, yayar Haladu, tana aure a nan cikin ƙauyen, 'ya'yanta biyar duk maza, tana neman wadda za ta yi wa kitso har kamar ta yi kuka. Na uku Baffa Tanimu, ƙanen Haladu, makanike ne a birni, shekara tara da aure Allah bai ba su haihuwa ba. A motarsa ma aka zo, wata 'yar ƙaramar mota mai baƙin gilashi, in kana waje ba ka ganin na ciki.

Haladu mutum ne mai gudun ɓata wa kowa. Da suka iso da hantsi aka gaisa, sai ya ce, "Inna, a yi mini haƙuri zuwa la'asar. In an sauko daga salla zan faɗi inda za ta zauna." Wannan jinkiri shi ya ɓata komai. Ka tara mutum uku kowa na son abu ɗaya, ka ce su jira la'asar? Tun daga lokacin kowa ya fara kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido.

Ranar kuwa zafi ake yi ba na wasa ba. Kaji sun buɗe baki a gindin rumbu, awaki sun lafe a jikin katanga, yashin tsakar gida in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa ba kiɗa. Kowa ya koma ƙarƙashin darbejiya da mafici a hannu. Amma masu neman riƙo ba su huta ba. Inna Gambo ta dama fura mai sanyi, ta zaunar da Nusaiba a cinya tana ba ta da ludayi tana cewa, "Sha, ƙawata, sha." Ita da kanta ta shafa wa Barira maɗaci a nono, aka ba yarinya ta tsotsa ta ji ɗaci ta kau da kai, aka ce yaye ya fara. Goggo Lanto ta kwance ƙulli ta fito da sabuwar riga da wasu jajayen takalma, ta sa mata, ta kai ta zaure tana nuna wa maƙwabta. Baffa Tanimu kuwa ya ɗauke ta ya kai ta mota a ƙofar gida, ya ɗora ta a kujerar direba tana buga ham tana ƙyalƙyala dariya, ya nuna mata alawa a kujerar baya ya ce duk tata ce. Kowa na yi yana satar kallon Haladu ya ga ko ya gani.

Da rana ta take, Inna Gambo ta ce a kawo mata yarinya ta kwanta kusa da ita a tabarma. Aka kawo. Barira tana kicin tana tuƙa tuwo, gumi na zuba. Can ta leƙo ta ga tsohuwa na gyangyaɗi, gefenta kuma ba kowa. Ta fito tana 'yan dube-dube kamar mai neman murfin tukunya. Inna Gambo ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke me kike nema? Au, 'yar fari kike bi da ido a gaban surukai? Oh ni Gambo, zamani! Koma ki ji da tuwonki, tana wurin ubanninta." Barira ta sunkuyar da kai ta koma. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Ita tsohuwar fa ba ta san inda yarinya take ba. Amma a ranta ta riga ta yanke cewa Lanto ce ta sace ta ta kai gidanta, don in la'asar ta yi a ce yarinya ta saba da can. Sai ta yi shiru, tana jira ta kama ta dumu-dumu. Lanto kuwa da ta shigo ta ga tabarma wayam, sai ta ce a ranta tsohuwa ce ta kai ta ɗaki ta ja ƙofa don kada kowa ya taɓa ta. Ita ma ta yi shiru, ta ce ba za ta tambaya a yi mata dariya ba. Tanimu kuma da ya ji kiran azahar, ya yi alwala a zaure, ya danna makullin mota daga nesa ta yi ƙyat, bai ko waiwaya ba, ya bi yayansa masallaci. A zatonsa yarinya tana hannun mata, kuma da gangan suka ɓoye masa ita.

Kun ga yadda aka yi ke nan. Gida cike da mutane, kowa ya lura ba ta nan, kowa na zargin wani, ba wanda ya buɗe baki. Ita kaɗai da ta so ta tambaya an kore ta kicin.

Goggo Lanto ce ta kasa daurewa. Ta faki ido ta leƙa ɗakin tsohuwa, ba kowa. Ta fito zaure tana duba ƙasa, sai ta ga sawun ɗan takalmi a yashi. Ba wanda zai gane shi sai ita, don ita ta zaɓe shi a kasuwa, ƙasansa akwai zanen tauraro. Ta bi sawun nan ba mayafi ba takalmi, yashi na gasa mata ƙafa, har ya ƙare a jikin mota. Ta ja ƙofa, a kulle. Ta manna fuska a gilashi mai zafi ta kare da hannu, da kyar ta hango jan takalmi a ƙasan kujerar baya. Ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, "Wayyo Allah, jama'a! Tana cikin mota!" Ba don ita ba, da har la'asar ana zaman zargi a ƙarƙashin darbejiya.

Mata suka fito da taɓarya suna dukan gilashi a tsakiya, taɓarya na dawowa, gilashi ko gezau. Baffa Tanimu yana sahu a raka'a ta biyu ya ji ihun, ya katse salla ya fito a guje. Makullin yana can cikin takalminsa a ƙofar masallaci, cikin takalman jama'a, bai tsaya nema ba. Ya daka wa matan tsawa su matsa daga gilashin baya, kada ya tarwatse a kan yarinya. Ya zaro wata ƙusa daga aljihunsa, abin makanike, ya zaga wajen gilashin ƙofar gaba, ya kafa bakin ƙusar a can kusurwa, ya buga da dutse sau ɗaya. Gilashi ya zube. Ya zura hannu ya buɗe, gilashi ya tsage shi daga gwiwar hannu har wuyan hannu, bai ma sani ba. Ya fito da yarinyar jikinta kamar an ciro daga tanda, ba gumi, ba kuka, wuya ya langaɓe. Ba don shi ba, da ana nan ana dukan tsakiyar gilashi har ran yarinya ya fita.

Nan fa aka ruɗe. Wannan ya ce a ɗura mata ruwa, wancan ya ce a mayar da ita mota a kai asibiti, asibitin kuwa tafiyar awa guda ce cikin wannan rana. Haladu ya tsaya yana salati kawai. Sai Inna Gambo ta ratso ta fizge yarinyar ta ce, "Duk wanda ya ɗura mata ruwa a haka shi ya kashe ta. Ku ba ni hanya!" Ta kai ta gindin randa, inda yashi ke da danshi, ta tuɓe mata sabuwar rigar ta jefar, ta jiƙa zaninta da ruwan randa tana shafa mata a wuya da hammata da cinya, ta sa mata biyu suna fifita da faifai. In zane ya yi ɗumi ta sake jiƙawa. Da yatsa take ɗiga mata ruwa a leɓe, ɗigo ɗigo. Da ta ga ƙirjin ya fara ɗagawa sosai, sai ta waiwaya ta ga Barira a bakin kicin, ta kasa matsowa.

Tsohuwa ta ce, "Zo nan." Ta ɗebi ruwa da hannunta ta wanke maɗacin da ta shafa da safe, ta ce, "Kira ta. Kira sunanta, 'yar nan, yau ba kunya."

Barira ta durƙusa ta ce, "Nusaiba." Ta sake cewa, "Nusaiba, ga ni." Yarinya ta motsa ido, ta yi wani ɗan kuka siriri, ta kama nono. Har maza sai da suka share hawaye. Da jiki ya sauka aka naɗe ta cikin jiƙaƙƙen zane aka kai ta asibiti a motar wani maƙwabci, likita ya duba ya ce wanda ya fara sanyaya mata jiki kafin a taso shi ya cece ta. Ba don tsohuwar nan ba, da gawa za a kai.

To, kada ku ce magana ta ƙare, don da aka dawo gida bayan kwana biyu sai zargi ya tashi sabo. Yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba ba ta iya buɗe ƙofar mota, balle ta ja ta rufe. Wa ya buɗe? Tanimu ya rantse ya rufe ƙofa bayan sun gama wasa, amma Lanto ta ce ƙarya yake, da gangan ya bar ta a buɗe da alawa a kujera don yarinya ta riƙa komawa wurinsa. Tanimu ya ce, "To Yaya, ke da kike zaure, ta gabanki ta wuce. Ko kin gan ta kika ƙyale, don a ce Inna ta tsufa ba ta iya tsaron yaro?" Lanto ta fashe da kuka ta ce Allah ya isa. Sai ta juya ta ce ai a tabarmar Inna ta ɓace, kuma Inna ce ta kori uwar da ta fito nema. Inna Gambo ta ce ita barci ya ɗauke ta, kuma a gabanta ba a taɓa jin uwa ta nemi ɗan fari ba. Wata maƙwabciya ta ce ta ga wani babba, ba yaro ba, ya tura ƙofar motar da rana, amma hasken rana ya kashe mata ido, ba ta gane mace ce ko namiji ba. Ni ma da nake ba ku labari ban san gaskiyar wannan ba, kuma ban yarda da rantsuwar ko ɗaya a cikinsu ɗari bisa ɗari ba.

Hutu ya zo ƙarshe. Ranar komawa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar nan, Haladu ya zauna. Ga mahaifiyarsa, ga yayarsa da tafin ƙafa duk ya yi bororo, ga ƙanensa da hannu a naɗe da bandeji. Kowa ya ce yanzu ma ya fi kowa haƙƙi, don ba don shi ba da babu yarinyar da za a yi maganarta. Barira tana tsaye a bayan zana da Nusaiba a goye, ta ƙulle majanyi tam, kunya ta dawo mata. Ba kuma wanda ya tambaye ta. Al'adar gida ta ce dole a bar yarinya a hannun ɗaya daga cikin ukun nan kafin mota ta tashi.

To, ga ku ga Haladu. Wadda ta bi sawu ta gano ta, da wanda ya fasa gilashi ya fito da ita, da wadda ta dawo mata da numfashi, kowa ya cece ta, kowa kuma da hannunsa a abin da ya same ta. Kai mai gyangyaɗi, da kai zan fara: in 'yarka ce, hannun wa za ka kwance ta daga bayan uwarta ka damƙa, ka juya ka shiga mota?