Gwamma da Mushen Giwa

A zamanin da babu gari ko ɗaya tsakanin tsaunukan kudu da bakin gulbi, sai kurmi da gamba mai shanye tsayin mutum, akwai wani ayarin maharba da ke fitowa kowace shekara bayan girbi. Gida bakwai ne. Maza su shiga dawa, mata su zauna a zango suna bandar nama, har sai hadari ya fara haɗuwa su koma inda suka fito.

A cikinsu akwai wata mata ana ce da ita Gwamma, gajera, mai kaurin hannu, ta ba hamsin baya. Ita ce unguwarzomarsu, ita ce kuma ta fi kowa iya banda. Ba ta da yawan magana, amma in ta tashi yi ba ta zagaye-zagaye.

A shekarar da ake ba da labari rani ya yi tsanani. Tafkuna suka ƙafe, rafuka suka koma yashi. Ruwa bai rage ko'ina ba sai a gindin wani baƙin dutse, inda wani ido ke tsatsowa yana taruwa a kwarmin dutse mai faɗin masussuka. Nan suka yi zango. Nan kuma Hakama, 'yar Gwamma guda ɗaya tilo, ta yi haihuwar fari, ta sami mace. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san abin da mai jego ke bukata: ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa mai yawa don nono ya kawo. Gwamma ta kafa babbar tukunya, ta tara ganyen runhu, ba ta da wata damuwa.

Kwana uku da haihuwar, da hantsi, sai toron giwa ya sauko shan ruwa. Tsofaffi sun ce ya tsufa har cediya ta tsiro a gadon bayansa, tsuntsaye sun yi sheƙa a kanta, in ya taka ƙasa ruwan da ke cikin tulu sai ya yi rawa. Maharba biyu ne suka yi masa kwanto, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Na farko Jatau, ƙanen Gwamma, wanda makaɗa ke wa kirari da baƙon kurmi, mai kwana da kwari a ka. Na biyu Ciwake, mijin Hakama, ƙaya a hanyar ɓauna, yaro da aikin manya. Suka saki kibiya lokaci guda, kowacce da dafinta, kowacce ta shige bayan kunne. Toron bai yi gudu ba. Ya ci gaba da tafiyarsa har cikin kwarmin, ya durƙusa, ya ɗora haurensa a kan dutse, ya mutu da hancinsa a bakin idon ruwan.

Aka yi ta guɗa. Mata suka wasa wuƙaƙe, suka shiga tara itace. Gwamma ta ce a hanzarta a feɗe a fitar kafin rana ta yi tsaka, don ruwan ya samu ya kwanta.

To, maharban nan suna da wata doka. Babban nama na wanda kibiyarsa ta fara shiga ne. Shi zai yanke wutsiya ya kai wa Sarkin Dawa, shugaban maharba, shi za a yi wa kirari da ita har jikokinsa. Kafin a yanke wutsiyar ba wuƙar da ke taɓa naman. In kuwa wuƙar mace ta riga ta namiji, to naman ya ɓaci, bai zama na kowa ba, abin kunya ne a kan duk wanda ya harba.

Jatau ya ce tasa ta fara shiga. Ciwake ya ce tasa ce. Aka rasa shaida. Sai aka tashi manzo zuwa ga Sarkin Dawa, tafiyar kwana huɗu zuwa, kwana huɗu dawowa. Jatau ya shimfiɗa buzu a gabas da kwarmin, Ciwake ya shimfiɗa nasa a yamma, kowa da makaɗinsa, kowa yana gadin wutsiya kada ɗayan ya yanke.

Rana ɗaya ta bazara ta ishi nama. Kashegari giwar ta kumbura har ƙafafunta suka miƙe sama. Ruwan ya yi ja, ya koma kore, wani maiƙo ya taso a kansa. Ƙudaje suka rufe gawar har ba a ganin fata, in mutum ya buɗe baki zai yi magana sai ya tofar da biyu. Ungulaye suka cika dutsen, sun yi layi kamar masu jiran rabo. Wari kuwa ya shiga tufafi, ya shiga tuwo, ya shiga har gashin jaririya. Amma manyan mazan nan suna zaune, kowa ya ɗaure hanci da tsumma, ana kaɗa masa ganga, ana faɗa masa shi ne zakin dawa.

Mata suka koma tonon yashi a busasshen rafi. Su wuni suna tono su samu rabin ƙwarya mai laka, a raba wa gida bakwai. Tukunyar jego ta bushe a kan murhu.

Rana ta uku Gwamma ta je wurin ƙanenta.

"Kai Jatau, ni na goya ka, bayana bai manta da fitsarinka ba. Tashi ka yanke abin nan, ko ka bar yaron ya yanke."

"Yaya, wannan ba zancen mata ba ne," in ji shi ta cikin tsumma. "Shekara talatin ina bin sawun giwa."

"To ga ta ka samu. Cire tsumman ka shaƙa da kyau."

Ta zagaya yamma. Shekara biyu ke nan da Ciwake ya auri 'yarta, ba ta taɓa kallon idonsa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunyar suruki. Sai ta tsaya gefe ta dubi karensa da ke kwance a gindin buzu.

"Kai Baƙi, faɗa wa ubangidanka matarsa kwana uku ba ta ga ruwan zafi ba."

Ciwake ya sunkuyar da kai, shi ma ya dubi karen. "Baƙi, ka ce wa Inna na ji. Ta yi haƙuri, Sarki yana hanya."

"Tambaye shi, da haƙurin zan yi mata wanka?"

Karen ya yi hamma.

Rana ta biyar da azahar cikin giwar ya fashe. An ji ƙarar har zango. Abin da ya fito ba na faɗa ba ne a gaban mai cin abinci. Tsutsa ta malalo kan dutse fara fat, tana motsi kamar tafasar shinkafa. Makaɗin Jatau ya yi amai a kan gangarsa, ya share da hannun riga, ya ci gaba da kiɗa, don ba a ce ya tsaya ba.

A ranar jikin Hakama ya yi zafi rau, nono ya ɗauke. Jaririyar da ke tsala kuka ta koma yin na ɗan kyanwa, da gari ya waye ma ta daina, sai dai ta buɗe baki ta rufe. Gwamma ta karɓi haihuwa ta fi ɗari, ta san abin da ke biyo bayan wannan shirun. Ta fita ta dubi baƙin dutsen, sai ta ga gansakukar da ke bakin idon ta bushe. Ruwan ya daina fitowa. Ta kuma taɓa ji wurin kakarta cewa idon da aka ƙazantar, in ya rufe kwana bakwai, ya rufe ke nan.

Ta koma bukka ta ɗauki wuƙar da take yanka kuɓewa. Ta tattare zane ta ɗaure a ƙugu. Ta wuce ta tsakanin makaɗan nan biyu ba ta dubi kowa ba, ta sa ƙafa a cikin kwarmin. Ruɓar ta kai mata gwiwa, ta kai mata cinya, da ɗumi kamar kunu. Tsutsa tana hawan ƙafarta, tana sharewa tana tafiya. Ta kama wutsiyar, ta naɗe a hannu, ta shiga yanka. Wuƙar ƙarama ce, fatar kuwa kamar igiyar rijiya, sai da ta daɗe tana gurzawa. Gangunan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya shiga ya hana ta, domin duk cikinsu ba mai iya taka abin da ta taka.

Da wutsiyar ta rabu, ta ɗaga kowa ya gani, ta wurga wa Baƙi. Kare ya cafe ya shige gamba da ita.

Sannan ta juya ta dubi surukinta ido cikin ido.

"Ciwake."

Matan da ke bakin dutse suka rufe baki da hannu. Shi kuwa ya miƙe tsaye kamar an zuba masa garwashi.

"Ciwake, 'yarka ta daina kuka. Shigo."

Ya ajiye baka, ya cire tsumman hancinsa, ya shiga.

Jatau ya ce, "Yaya, kin kashe mu. Da wane ido za mu shiga taron maharba?"

"Da wanda ka kalli wannan kwana shida. In ba za ka shigo ba matsa, kana tare wa mata hanya."

Shi ne na ƙarshen shiga, amma ya shiga. Gida bakwai suka yi wuni biyu suna saran mushen suna ja, suna kaiwa can nesa suna binnewa. Suka kwashe ruɓaɓɓen ruwan da ƙwarya, suka goge dutsen da yashi da toka har tafin hannunsu ya yi jini. Ɗan abin da aka samu a tonon rafi kuwa, Gwamma ta ce duk na Hakama ne, ba wanda ya yi gardama.

Kwarmi ya fita tas, amma ido bai buɗe ba. Gwamma ta kwanta rub da ciki, ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ta jawo guntun hancin giwar da ya toshe shi. Ta kai bakinta kusa ta yi magana a hankali, yadda ake lallashin yaro.

"Mun yi maka ƙazanta, mun sani. Manya ne suka yi. Jaririyar ba ta yi maka komai ba."

An ce dutsen ya yi wani nishi, sai ruwa ya ɓullo, siriri da farko, sannan da kaurin hannu. Ta hana kowa taɓawa. Ta tara a ƙoƙo ta sha ita kaɗai, ta zauna har inuwa ta matsa taki ɗaya, ta ga cikinta bai murɗa ba, sannan ta ce a ɗora tukunya. Hakama ta yi wanka, ta sha kunu ƙwarya guda. Bayan kwana biyu nono ya kawo, jaririya ta tsala kukan da ya tashi ungulayen da suka rage. Gwamma kuwa fatar ƙafafunta ta saɓule, ta warke da dabbare-dabbare, hancinta kuma bai ƙara jin wari ko ƙanshi ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Sarkin Dawa ya iso ya tarar ba giwa ba wutsiya. Ya yanke hukunci cewa Jatau da Ciwake sun bar wuƙar mace ta riga tasu, don haka kada su ƙara rataya kwari, kada su ƙara zuwa taro. Haure biyun kuma ya sa aka ɗauka masa, ya tafi da su. Ruwan ma ya sha, bai tambayi wanda ya gyara ba.

Da ba su da fuskar komawa gida, sai suka zauna suka kama fartanya. Sauran gidajen suka zauna tare da su. Garin da ya tashi a wurin shi ne Makwanta, ruwan kuma Idon Gwamma. Makaɗan yanzu sukan ce Jatau ne ya kafa garin bayan ya kashe giwa. Ku bar su, abincinsu suke nema.

Kowace bazara, kafin hadarin farko, ana yin bikin Yasa, ranar yashe idon ruwan. Na birni su dawo, na ƙauyuka su zo, a kafa rumfuna a gindin dutse, a soya waina, 'yan mata su yi kitso. Amma ba a taɓa ganga tukuna. Tsofaffin mata su hau kan baƙin dutsen, ana yi musu kirarin Gwamma mai wuƙar kuɓewa, uwar masu jego. A wannan rana kaɗai a shekara suruka ke kama sunan mijin 'yarta, da ƙarfi, a gaban jama'a, shi kuma ya tuɓe babbar riga ya shiga laka, ko ɗan wane ne. Su kwashe laka da ganye da ledojin da marasa kunya ke jefawa, su goge dutse da toka. Sai wadda ta fi kowa tsufa ta sha ƙoƙon farko ta gyaɗa kai, sannan makaɗa su samu bakin kiɗa.

Har yanzu ba a rasa surukin da zai tsiri tafiyar kasuwa a ranar. Ba ya hana komai. Ana kiran sunansa sau uku daga kan dutse, a saurara bayan kowane kira, gari duka yana ji.