Wilin da Anwar Ya Rataya

Akwai wani ɗalibi a wata sakandare ta garin Kaura Namoda, sunansa Anwar. Ku karanta labarinsa har ƙarshe, don ni da na rubuto shi ma sai da kunya ta kama ni.

Bayan hare-haren 'yan bindiga sun lafa, an sake buɗe makarantar da ta daɗe a rufe. Aka yi zaɓen majalisar ɗalibai, Anwar ya zama hedboi, wato shugaban ɗalibai. Yaro ne mai ƙwazo, wannan ba a musu. Sai dai tun ranar da aka maƙala masa baje a ƙirji, tafiyarsa ma ta canza.

Ƙararrawar makarantar ta ɓace tun lokacin rufewa. Anwar ya samo tsohon wilin mota wurin bakanike, ya rataya a bishiyar dalbejiya, ana bugawa da guntun rodi. Bugu uku, a shiga aji. Bugu uku, a fita tara. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, kai ka ce jirgi ya ƙera.

Cikin sababbin ɗalibai akwai Sirajo, dogo marar magana, wanda iyalinsa suka taso daga wani ƙauye a bayan Zurmi. Ranar farko da aka buga wilin, Sirajo ya dira ta taga, bai tsaya ba sai bakin katanga. Aji ya kwashe da dariya. Kafin a tashi an raɗa masa suna Barewa.

Hamida, shugabar ƙungiyar agaji ta ɗalibai, ita ce ta lura da abin da ke faruwa. Ta sami Anwar ta ce, "Hedboi, yaran ƙauyukkan ga duk sai sun zabura in an buga ƙarhen ga. Can garuruwansu shi a ka bugawa in maharan sun taho. Mi zai hana mu koma busa usur?"

Anwar ya ce, "Usur? Nan hilin ƙwallo na? Ni na rataya shi, kuma ba mai sauke shi. Su saba."

Wata Alhamis lokacin tara, Anwar ya hango Sirajo tsaye kusa da bishiyar yana cin ƙosai, ya ba ta baya. Abokansa suka zuga shi, ɗaya ya saita waya don ɗaukar bidiyo. Anwar ya lallaɓa ya ɗauki rodin, ya shiga bugu ba ƙaƙƙautawa.

Sirajo ya watsar da ƙosan. Sai dai wannan karon bai gudu shi kaɗai ba. Ya suri wani ɗan aji ɗaya ya saɓa a kafaɗa, ya fizgi hannun wani, ya nufi bayan azuzuwa yana ihu, "Ku gudu! Sun iso! Ku shige dawa!"

Makaranta ta ɗauki shewa. Da Sirajo ya waiga ya ga rodi a hannun Anwar, ya sauke yaron a hankali, ya karkaɗe masa riga. Ya shiga aji ya ɗauki jakarsa, ya fita ta ƙofa.

Da yamma Anwar ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Balaraba, tana tankaɗen gari a tsakar gida, ƙanwarsa Mubaraka na wasa kusa da ita. Ya tsuguna yana dariya, ya kunna mata bidiyon a waya. "Inna, tsaya ki ga Barewar makarantarmu."

Ƙarar bugun na fitowa daga wayar, rariya ta suɓuce daga hannun Inna, gari ya watse a ƙasa. Ta dafe ƙirji. Sai da ta yi salati sau biyu kafin ta ce, "Wa ya yi wanga bugu?"

"Ni ne, Inna. Wasa dai."

Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da idonta. Ta ce ya mayar baya. Ta sake kallon yadda dogon yaron ya saɓa ƙaramin a kafaɗa. "Yaya sunan yaron ga?"

"Sirajo. Daga wajen Zurmi sunka taso."

Inna ta zauna daɓas a kan tabarma.

Anwar ya san cewa shekara uku da suka wuce Inna ta je suna wani ƙauye, aka kawo hari, Allah ya kuɓutar da ita da Mubaraka. Iyakar abin da ya sani ke nan, domin bai taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ranar ya ji sauran.

Ta ce bayan la'asar ne, ana cikin rabon tuwo, suka ji bugun ƙarfe. Wani saurayi mai suna Maitama shi ya hango baburan maharan daga kan tudu. Maimakon ya tsere, ya tsaya yana bugu don na gona da na rafi su ji. Mata suka afka cikin dawa. Inna ta yi tuntuɓe ta faɗi, Mubaraka ta suɓuce daga goyo. Wani yaro ya dawo da baya ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya ja hannun Inna.

"Muna gudu muna jin bugun," in ji Inna. "Can sai ya tsaya, cak. Yaron ya ce mani, 'Inna, yayana ne.' Amma bai aje ƙanwarka ba har munka kai hanya. Shekara uku ina cigiyar yaron ga in yi mai godiya. Ashe ɗana na ciki ya riga ni zuwa."

Jama'a, Anwar ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Mubaraka tana zana yatsa cikin garin da ya zube.

Washegari da sassafe ya sauke wilin da hannunsa. A asambili ya tsaya gaban kowa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya ji. Ya sa aka goge bidiyon a wayoyi. Hamida ta miƙa masa usur ba tare da ta ce ai na faɗa maka ba, kuma shirun nata ya fi masa zafi.

Ranar Asabar shi da Inna suka gano Sirajo a tasha, zaune kan buhun gero yana jiran motar Shinkafi, inda kawunsa ke da shagon gyaran babur. Inna ta riƙe hannunsa tana kuka tana sa masa albarka. Anwar ya durƙusa. "Don Allah ka yahe mani. Na sauke shi. Ka dawo makaranta."

Sirajo ya ce, "Tashi, hedboi, na yahe. Ba dariyar ta dame ni ba. Duk sanda kunka buga, sai in riƙa jiran inda zai katse. Ranar nan da ka daɗe kana bugu, har na ɗauka wannan karon ba za ya katse ba." Ya ɗauki jakarsa. "Akwai irina goma sha ɗaya makarantar nan. Ka kula da su."

Motar ta cika, ya shiga, ta tashi.

Sauran goma sha ɗayan duk sun gama makaranta lafiya. Sirajo bai dawo ba. Har Anwar ya sauka daga hedboi, kullum in ya busa usur ɗin safe sai ya ɗan dakata yana duban ƙofa.

Darasi: In Allah ya ba ka shugabanci, ko na aji ne, ka tambayi abin da ke sa mutum zabura kafin ka yi masa dariya. Wanda kake kira matsoraci wataƙila ya tsaya a ranar da kai ba za ka iya tsayawa ba, kuma ba kowace ɓarna ce ban haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa malamai da ɗaliban da kuka sani, musamman masu baje a ƙirji.