Warin da Malama Dinatu Ta Ji

An yi wani mutum a Sabon Gari, can wajen Muchia. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da rai. Sana'arsa gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a shekarun nan da motocin tokumbo suka cika Zariya. Ya kuwa iya aiki, wannan ban hana masa ba.

Ku ji yadda aikin yake. Idan esi ya daina sanyi, yawanci gas ne ya tsiyaye ta wata 'yar ɓula a bututu. Mai tsoron Allah zai nemi ɓular ya toshe, sannan ya ɗura gas ɗin da aka yi domin esi, wanda ba ya kama wuta. Shi kuwa sai ya gano cewa gas ɗin girki, irin na kicin ɗinku, shi ma yana kawo sanyi, ga araha. Ya riƙa juye shi a silindar esi a bayan shago. Ɓula kuwa ko nemanta ba ya yi. Ina zai toshe ta, alhali ita ce za ta dawo masa da mai motar?

Wata rana da bazara, Malama Dinatu, malamar firamare a Samaru, ta kawo masa motarsu. Mijinta Mordecai yana fama da hawan jini, zafi yana wahalar da shi ƙwarai. Mutumin nan ya ɗura mata abin da ya saba ɗurawa. Sanyi ya zo, ta yi godiya ta tafi.

Ba a yi mako ba ta dawo. Ta ce, "Injiniya, ina jin wani wari a motar nan, kamar na kicin."

Ya 'yan'uwa, ku tsaya nan tukuna. Ya san warin. Ya san ɓular tana ta ciki, tana zuba inda mutane suke zama. Ubangiji ya kawo masa matar nan har bakin shago don ya tuba, kalma ɗaya ta isa. Me ya ce?

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ai haka sabon gas yake. Ki dai riƙa rufe gilashi sosai don kada sanyin ya gudu."

Ta ji maganarsa. Ran Lahadi motar ta wuni a rana a bakin majami'a, gilashi a rufe ruf. Da aka tashi sujada, Mordecai ya riga ta shiga don ya kunna esi, motar ta huce kafin Dinatu ta gama gaishe-gaishe. Yana murɗa makulli sai wuta. Dinatu ta kama ƙofar da hannu biyu tana ja, ƙarfe yana cin tafinta, ta ƙi saki. Ba a fitar da shi da rai ba.

Mutane suka ce wayar wuta ce ta haɗu. Babu wanda ya zarge shi. Har ta'aziyya ya je, kai jama'a, da ƙafarsa! Dinatu tana zaune, hannuwanta a naɗe da bandeji. Da ta gan shi ta ce, "Injiniya, na gode da ka zo. Kai ka sa ya ji daɗin kwanakinsa na ƙarshe. Kullum sai ya ce bai taɓa shan sanyi irin naka ba. Allah ya saka maka daidai da aikinka."

Da zuciya ɗaya ta yi addu'ar nan. Kuma an amsa.

Tun a hanyar komawa ya fara jin warin. Ya ji shi a cikin bas, ya ji shi a rigarsa, ya ji shi a tuwo. Ya hana matarsa ƙyasta ashana, ya watsar da risho, ya ɓalle tagogin gidan. Matar ta gaji da zama da yara babu girki, ta kwashe su ta tafi gidansu. Shago ya rufe, don da ya ga silinda sai ya fita a guje.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, ya zauna ya so ya tuna motocin da ya ɗura wa gas ɗin nan, ya kasa. Ya manta kalarsu, ya manta masu su. Suna nan dai suna yawo da mutane a ciki.

Ni da idona na gan shi a titin Samaru da tsakar rana, babu takalmi, yana bin motoci yana dukan gilashi yana ihu, "Ku sauke! Don Allah ku sauke!" Na ciki kuwa sai su ƙara ɗagewa, tsoronsa suke ji. Wallahi na yi kuka ranar.

Ya 'yan'uwa, ha'inci ba ya zama a shagon da aka yi shi. Fita yake ya shiga gidan mutane, kai kuma ba ka da ikon kiransa ya dawo. Kai tela, kai mai kemis, ke mai abinci, me ka sa a hannun wanda ya amince da kai? Idan akwai wanda ya dawo ya ce maka yana jin wani wari, ka faɗa masa gaskiya yau, tun yana da kunnen da zai ji ka. Mutumin nan yana faɗin gaskiyar yanzu, daga safe har yamma, amma babu mai saurare.

Allah ya kiyaye mu da cutar wanda ya ba mu amana. Ya ba mu tuba tun ana iya gyarawa. Amin.