Tae-sik da Gobarar Maƙwabta

Byeon Tae-sik ɗan masunci ne daga birnin Busan na bakin teku, amma da ya kai shekara arba'in da biyar babu mai jin ƙarnin kifi a jikinsa. Shi ne shugaban sashen hulɗa da ƙasashen waje a Bankin Haeryong, ofishinsa a hawa na goma sha huɗu, direba na jiransa a bakin ƙofa. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba ya karɓar hanci, ba ya makara wajen aiki. Aibinsa guda ne, amma babba: raini. Duk wanda yake ganin bai kai shi ba, maganarsa ba ta shiga kunnensa.

Aikin sashensa ba shi da wuyar ganewa. Sukan ranto dala daga bankunan Turai da Amurka na wata uku a kan ruwa kaɗan, su ba kamfanonin Thailand da Indonesiya na shekara biyar a kan ruwa mai yawa. In wata ukun ya cika, sai a sabunta rancen. Riba ta yi ta shigowa, Tae-sik ya yi ta samun ƙarin girma.

Wata rana wata ma'aikaciyarsa mai suna Tak Mi-ryeong ta shigo da rahoto mai shafi tara, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yallaɓai, na yi lissafi. Idan masu ba mu rance suka ƙi sabuntawa a wata guda, abin da ke hannunmu ba zai kai mu kwana ashirin ba."

"Su ƙi saboda me?" in ji shi, bai ko buɗe rahoton ba. "Malama Tak, mu fa muke ƙera jiragen ruwan da duniya ke hawa. Ki je ki tsorata wani, ni yunwa nake ji."

Ya jefa rahoton a aljihun tebur, ya tafi cin abincin rana.

A watan Yuli na 1997 darajar kuɗin Thailand ta faɗi. Bayan mako biyu Anurak ya sauka a Busan. Shi ne mai kula da wani kamfanin ba da rance a Bangkok, kuma shekara takwas suna hulɗa da Tae-sik, har ya taɓa kwana a gidansa. Wannan karon ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

"Ɗan'uwa, ba na roƙon a yafe mana ko sisi," in ji Anurak. "Ku bankuna takwas ne kuke binmu bashi. Ka tara sauran, ku ba mu wata shida, mu buɗe muku littattafanmu ku duba komai. In kowa ya ruga ƙofa lokaci guda, ƙofar ce za ta karye. Kuma katangarmu ɗaya da ku."

Tae-sik ya yi dariya. "Katanga ɗaya? Ku kuka yi ta gina benaye babu mai shiga. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ina son kuɗinmu ranar Juma'a."

Da sauran bankunan bakwai suka ji Haeryong ya nemi nasa, su ma suka ruga. Kamfanin Anurak ya rushe cikin kwana goma. Abin da Tae-sik ya samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma ya gaya wa manyansa cewa gara da ya riga kowa.

Sanyi na shigowa, sai masu ba da rance suka fara ƙin sabuntawa, ɗaya bayan ɗaya. Tae-sik ya hau jirgi zuwa London da taswirori da alƙaluma, ya yi bayani na minti arba'in a kan bambancin ƙasarsa da sauran. Jami'in bankin da ya saurare shi ya duba agogo, ya ce, "Ka yi haƙuri. A takardarmu duk yankinku layi ɗaya ne, kuma an soke layin."

Kafin ƙarshen shekara dala ta kusa ninka farashinta. Aka rufe Bankin Haeryong, mutum ɗari huɗu suka rasa aiki.

Tae-sik ya kasa gaya wa matarsa cewa bai samu wani aikin ba. Kullum da safe sai ya sa kwat, ya ɗauki jaka, ya hau dutsen bayan gari ya zauna a kan benci har yamma. A nan yayarsa Sun-deok ta same shi. Mai sayar da kifi ce a kasuwar bakin teku, kuma wata ƙawarta ce ta ba ta labari.

"To, ga babban ofis," ta ce tana haki. "Iska ma kyauta. Tashi, ɗan gidanmu. Kifi ba ya fere kansa."

"Yaya, mutane za su gan ni."

"Su gan ka mana. Da kake hawa na goma sha huɗu wa ya gan ka?"

Haka ya koma fere kifi a rumfarta, hannuwansa suka tsattsage da sanyi. A watan Janairu aka yi kira ga jama'a su kawo zinariyarsu a taimaki ƙasa ta biya bashin waje. Sun-deok ta ja shi suka shiga layi. Layin ya zagaye gini: tsofaffi da sanda, direbobin tasi, mata da goyo. Ta kwance ƙullin hankici, ta fito da zoben mahaifiyarsu da ɗan ƙaramin zoben da aka ba jikar ita Sun-deok ranar da ta cika shekara.

"Yaya, wannan na Inna ne."

"Na sani. Ba mu muka ci bashin ba, ba a kuma tambaye mu ba, amma ga mu muna biya. Kai dai riƙe min jaka."

Tae-sik ya dubi layin daga farko har ƙarshe, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A makon nan ya gaya wa matarsa gaskiya, ya kuma rubuta wa Anurak wasiƙar neman gafara.

Sai bayan wata biyar amsa ta zo, gajera. Anurak ya koma koyarwa a wata jami'a. Ya rubuta: "Haƙurinka ba zai buɗe kamfanina ba. Amma muna shirya taro na masana da jami'an ƙasashen yankinmu, kuma kowa yana ɗora laifi a kan baƙi. Muna bukatar mutum ɗaya da zai tashi ya ce ga abin da ni na yi. In za ka iya, zo."

Tae-sik ya tono rahoton nan mai shafi tara daga kwalin kayan ofishinsa, ya nemo Mi-ryeong a wata makarantar yamma inda take koyar da lissafi, ya sunkuya mata har ƙasa, ya roƙe ta su tafi tare.

A wurin taron ya faɗi komai bai rage ba. Sannan Mi-ryeong da Anurak suka gabatar da shawararsu: ƙasashen yankin su yi asusu guda na ko-ta-kwana, su riƙa nuna wa juna gaskiyar bashin da ke kansu tun kafin abu ya ɓaci, kuma in matsala ta taso a zauna da masu bin bashi gaba ɗaya. Wani baƙo daga wata babbar ƙasa ya ce ya yarda, amma wanda ya fi zuba kuɗi shi zai fi yawan magana.

Tae-sik ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a bankinmu ni ne mai yawan magana. Wadda ta ga ramin tana can ƙarshen tebur. Mutum ɗari huɗu suka biya kuɗin rashin sauraronta. Ku zuba kuɗinku, amma ku bar wa ƙanana baki."

Ba a karɓi shawarar duka ba, kuma abin da aka karɓa ya ɗauki shekaru ana jayayya a kansa. Amma an fara. Anurak ya raka su filin jirgi, bai rungumi Tae-sik ba, sai dai ya ce masa, "Ka gaishe min da iyali."

Bayan shekara goma wata guguwar tattalin arziki ta sake tasowa, wannan karon daga Amurka. Lokacin Mi-ryeong ce ke kula da tsaron dukiyar wani ƙaramin bankin masunta a Busan, Tae-sik kuma mataimakinta ne, kansa ya yi fari. Dala ta sake tashi, mutane suka firgita, amma bankin yana da ajiya, kuma bai ci gajeren bashin waje ba. Wata safiya Sun-deok ta shigo da takalmanta na roba, ta dafa teburinsa.

"Ɗan gidanmu, in cire kuɗina ko in bari?"

"Ki bari, Yaya. Babu abin da zai same su."

"Wa ya ce? Kai ko ita?"

"Ita."

"To, na bari," in ji ta, ta juya ta koma wurin kifinta.

Darasin wannan labari shi ne, a duniyar yau dukiyar ƙasashe a ɗaure take da juna, babu mai tsira shi kaɗai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ka kuma kai masa guga. Wanda ya raina gargaɗin na ƙasa da shi, talakawan da ba su ji ba ba su gani ba ne za su biya. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya yi kuskure ya faɗi gaskiya, yana iya zama sanadin gyara.