Ɓarɓashin Maƙera a Tafin Tsaka

Dalilin da ya sa tsaka take yawo a jikin bango, har ta bi rufin ɗaki kai a ƙasa ba ta faɗo ba, yanzu za ku ji shi. Ke Ladiyo, ajiye tsintsiyar nan, ba abin da ta yi miki.

A da can, tafin tsaka sumul yake kamar bayan ludayi, ko tudu ba ta iya hawa. Wata shekara damina ta yi nauyi, sai maƙeri Cindo ya yi shela cewa duk mai son farcen hawa ya zo maƙera ya karɓa. Tsaka tana da ƙwai biyu a rami, kuma ruwa ya fara leƙa bakin ramin.

Ta kama hanya da wuri, amma Tsaka akwai gaisuwa. Duk wanda ta gamu da shi sai ta tambayi gida da gajiya da yara har da kaji. Kafin ta isa, Ƙadangare ya karɓi faratan ƙarshe.

Ta ce, "Baba Cindo, ka taimake ni, 'ya'yana za su tafi a ruwa."

Tausayi ya kama shi. Ya share ɓarɓashin da zarto ya zubar, ya shafa mata a tafi. Ya ce, "'Yar nan, ƙwaya ɗaya ko gashi ba za ta riƙe ba, kuma ba ta kama abu daga nesa. Sai kin manna tafinki sosai, duk su taru su riƙe."

Ƙadangare ya yi dariya har da gyaɗa kai.

Ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Babu tudu kusa sai wata katanga da aka shafe da makuba, santsi sai ka ce an zuba mai. Ƙadangare ya yi ta karta yana zamewa, da ƙyar ya sami kututture ya maƙale. Tsaka kuwa ta ɗauki ƙwai ɗaya a baki, ta manna tafi, ta ji ya kama. Ta haura ta ajiye, ta sauko ta ɗauki na biyu ruwa na taɓa wutsiyarta.

Shi ya sa har yau za ku ga tsaka tana shimfiɗa yatsunta baje a bango, kuma can sama take ɓoye ƙwanta. Ku da faratanku zaƙo-zaƙo, ko katangar gidan nan ba ku iya hawa sai an ɗaga ku.