Yonan, Baƙon da Ba a Yi Masa Musu

A zamanin da duwatsun ƙasar Jojiya ba su gama tsawo ba, an yi wani maharbi ɗan ƙasar Sham mai suna Yonan. Kirarinsa shi ne "Dogo mai kibiya ɗaya", domin an ce idan ya yi harbi ya kuskure, kibiyar kan zaga bayan dutse ta dawo ta gyara kuskuren. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin dattijo ne har da gemu.

Yonan ya karɓi addinin Almasihu yana da shekara talatin. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, sai ya rataya kwarinsa ya nufi arewa don kai bishara inda ba ta taɓa isa ba. Wata bakwai yana tafiya, har ya iso wani ƙauye a ƙuryar duwatsu da ake kira Zemuri. Ya tarar wani kerkeci mai girman maraƙi ya addabi tumakinsu. Kibiya ɗaya ya saki, kerkecin ya faɗi matacce. Mai gari, wani dattijo mai suna Berdiya, ya tarbe shi da kansa, ya zaunar da shi a kan wata doguwar kujera ta dutse, ya ce, "Daga yau kai baƙonmu ne."

Yonan ya yi godiya, bai san abin da ya same shi ba.

Mutanen Zemuri suna da doka a kan baƙo tun kaka da kakanni. Baƙo ba ya taɓa fartanya. Baƙo shi kaɗai yake cin abinci, a kan kujerarsa, kowa na tsaye har ya ƙoshi. Babbar cikinsu kuwa, ba a yi wa baƙo musu. Wanda ya ƙaryata baƙo, korarsa ake yi daga gari.

Washegari Yonan ya tara su ya yi wa'azi. Ya ce Allah ɗaya ne. Suka ce, "Gaskiya ne, baƙonmu." Ya ce su shiga kogi a yi musu baftisma. Mutum ɗari uku suka shiga ruwan da sanyinsa ke tsinka yatsa, suka fito haƙora na kaɗawa. Yonan ya durƙusa yana kukan murna. Kwana uku bayan haka ya ga gari duka sun ja rago zuwa gindin tsohuwar bishiyar da suke yi wa yanka.

Ya tare Berdiya a hanya. "Ranka ya daɗe, ba ku ne kuka shiga ruwa ba?"

"Mu ne, baƙonmu. In kana so mu sake, ma sake."

"Amma yankan nan bai halatta ba!"

"Gaskiya ne, baƙonmu," in ji Berdiya, ya wuce da ragonsa.

Sai Yonan ya gwada su. Ya ce ƙanƙara zafi gare ta, suka yarda. Ya ce shi ba baƙo ba ne, ɗan gari ne. Suka ce, "Haka ne, baƙonmu," suka miƙo masa akushi a kan kujera. Da ya ɗauki dutse zai gina ɗakin ibada, suka karɓe daga hannunsa, suka gina masa mai kyau, suka tsaya a ƙofa suna gyaɗa kai.

Haka ya yi shekara goma sha tara. Ba wanda ya taɓa zaginsa, ba wanda ya taɓa jansa da wasa. Idan ya doso dandali ana hira, sai a yi tsit a miƙe. Ya kan tsaya bayan danga don kawai ya ji miji da mata suna faɗa a kan gishiri. An ce har hawa dutse yake yi ya ƙwala magana, ko amon dutse zai musa masa, shi ma sai ya maimaita abin da ya faɗa. A bakin hanya kuwa akwai kaburbura shida a ware, na baƙin da suka mutu a garin, kowanne an juya kansa wajen ƙasarsu. Gemun Yonan ya yi fari, kuma ya san inda na bakwai zai kasance.

A shekara ta ashirin, ƙanƙara ta zabtaro daga dutse ta binne wani makiyayi mai suna Iyase, ɗa tilo ga wata tsohuwa gwauruwa, Mzekala. Aka haƙa kabari, aka nemi gawa har bazara ba a samu ba, kabarin ya zauna a buɗe. Yonan ya je gaisuwa, ya tarar da ita tana tuƙa tuwon gero, mata sun kewaye ta.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Matattu za su tashi. Za ki sake ganin Iyase."

Mata suka ce, "Gaskiya ne, baƙonmu."

Mzekala ta zare muciya daga tukunya, ta gaura masa a kafaɗa. "Ƙarya kake, dogon banza! Ko takalminsa ban samu ba, kana ce min zai tashi? Ka taɓa haihuwa? Ka taɓa binne wani?"

Yonan ya dafe kafaɗa, tuwo na ƙona masa wuya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Inna, don Allah ki sake faɗa."

Aka kai ta gaban Berdiya da ƙunshin kayanta a ka, domin hukuncin sananne ne. Yonan ya ratsa taro ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ta ƙaryata? Ni ba baƙo ba ne."

Berdiya ya buɗe baki. "Gaskiya ne, baƙon..." Sai ya tsaya. Ya dubi tsohuwar, wadda ta goya shi yana yaro. Ya ga cewa yau amsar baki ba za ta wadatar ba: in Yonan baƙo ne, to sai ta tafi. Ya fizgi fartanya daga hannun wani ya jefa wa Yonan.

"To sauka mana daga kujera, cima-zaune. Shekara ashirin kana cinye mana gero!"

Shekara huɗu Yonan ya ƙara a duniya. Kullum da rana yakan zauna a ƙasa a gidan Mzekala, suna cin tuwo a akushi ɗaya, suna gardama a kan tashin matattu. Mutane suka fara zuwa kallo, daga kallo suka tsoma baki, wasu suka bi bayansa, wasu suka bi bayanta. Waɗanda suka sake shiga kogi su goma sha ɗaya ne kacal, kuma sai da suka wahalar da shi da tambayoyi. Mzekala ba ta cikinsu.

Ranar da ya rasu, wasu suka nufi bakin hanya da gawarsa bisa sabo. Mzekala ta tare su da muciya.

"Ku sa shi a kabarin ɗana, ku bar min wuri a gefensa. In an tashin, ina so in kasance kusa, kada ya sha wahalar nemana ya ce, 'Ban gaya miki ba?'"

Ta ɗaure muciyar a jikin bakansa na harbi, ya zama gicciye, ta kafa a kan kabarin. An ce ta ci gaba da zuwa kullum da akushinta tana gardama, tana dakatawa a wuraren da ya saba ba da amsa.

Har yau, in ji masu zuwa Zemuri, duk sabon mai wa'azi da ya iso, tsohuwar da ta fi kowa shekaru ce ke tarbarsa. Ta ɗan taɓa kafaɗarsa da muciya, ta ce, "Ƙarya kake," sannan a ba shi fartanya da akushi cikin jama'a. Kujerar dutsen tana nan a dandali, gansakuka ya rufe ta. Ko akuya ba a bari ta hau.