Gayya a Ƙarƙashin Jirgin Yaƙi

Ku ajiye hirar nan ku matso kusa, ga wata nan da ta daɗe tana cin raina. Ni dai ko rugugin jirgi na ji sai na leƙa waje in ga inda yara suke.

A wani ƙauye da ke bakin daji akwai wata tsohuwa, Goggo Kande. Mijinta ya rasu, ciyawa ta rufe mata gonar gero. Mazan gari suka shirya mata gayya, kowa ya ɗauko fartanyarsa a taru a nome mata. A lokacin an yi doka, duk mai tara jama'a ya sanar da soja, saboda 'yan bindiga sun addabi yankin. Su kuwa suka yi shiru, don Goggo ba ta son a ce ta gaza, in magana ta fita za ta hana. Da safe suka fita a jere, fartanya a kafaɗa.

Soja suna da jirgi marar matuƙi, irin na farko-farkon nan, hotonsa dishi-dishi kamar ganin mai yanar ido. Ya hango maza a jere da abu a kafaɗa. Babban hafsa ya ce 'yan bindiga ne, jirgin yaƙi ya tashi ya gama da su.

To, a barikin akwai aminai uku masu cin tuwo a kwano ɗaya: Barmo, Jatau da Ilu.

Barmo shi ke ɗaura wa jirgin yaƙi makamai, jirgi ba ya tashi sai ya ɗaga hannu. Bai ga hoto ba, ya dai ji an ce an hango 'yan bindiga a fili, zuciyarsa ce kawai ta ƙi kwanciya. Wane ɗan bindiga ne zai fito fili da hantsi? Ya ce wa hafsan, “Ranka ya daɗe, rokar nan ba ta zauna daidai ba.” Hafsa ya ce, “Ba kai ka ɗaura ta ba?” Ya ce, “Ni ne, yau dai ta ƙi.” Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa, ana zaginsa yana murɗa ƙarfe. Da bai ja lokacin nan ba, da an yi aikin kafin kowa ya sake dubawa.

Jatau shi ke tuƙa marar matuƙin daga ɗaki. Mai ya kusa ƙarewa, aka ce ya dawo da shi, ya ƙi. Ya ƙura wa hoton ido har ya ga mutanen suna sunkuyawa tare, suna miƙewa tare. Can sai ga mata da ƙwarya a ka. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan noma ne.” Hafsa ya ce, “Su ma ɓarayin ai ana kai musu fura.” Yana faɗin haka mai ya ƙare, jirgin ya faɗi a daji, hoto ya ɗauke. Amma shakka ta riga ta shiga, sai hafsa ya ce wa matuƙin jirgin yaƙi ya duba da idonsa kafin ya harba. Ba don Jatau ba, daga nesa za a saki wuta.

Ilu shi ne matuƙin. Ya yi ƙasa-ƙasa, har inda harsashi zai iya samunsa. Kun san gayya ba ta rasa maharbi mai ƙara wa manoma ƙarfi. Da wannan bawan Allah ya ga jirgi, murna ta kama shi, ya ɗaga bindigar toka ya buga sama, shi a nufinsa gaisuwa ce. Ilu ya ga wuta. Dokar aikinsu kuwa, in an harbe ka ka rama. Ɗan yatsansa na kan maɓalli, hafsa na ce masa ta rediyo, “Sakar musu wuta.” Ya ce, “Bari in sake zagayowa.” Ya zagayo, ya ga farin hayaƙin albarushi, ya ga makaɗi rungume da gangarsa. Ya juya ya sauka da makamansa cif.

Babu wanda ya sha daɗi a cikinsu. Barmo an cire masa igiyar muƙami, Jatau an sallame shi saboda jirgin da ya faɗi, Ilu an hana shi tashi. Manoma kuwa sun gama noma, sun sha fura, sun koma gida suna labarin jirgin da ya zo kallon gayya. Sai bayan kwanaki labarin abin da ya kusa faruwa ya iso musu.

A makon nan aka haifa wa maharbin ɗa namiji. Ya rantse ba zai sa wa yaron suna ba sai na wanda ya cece su, tunda shi ya kusa jawo musu halaka. Ranar suna liman ya zauna, goro na gabansa, ya ce, “Malam, wane suna?” Dattawa suka rabu uku. Wasu suka ce Barmo, da ya tsaya alhali bai ga komai ba. Wasu suka ce Jatau, da ya gani ya faɗa, ya rasa abincinsa. Wasu suka ce Ilu, da aka yi wa harbi kuma ya riƙe hannunsa.

Yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne, ga rana tana yi, liman yana jira. To, ku da kuke zaune, sunan wa za a raɗa wa jaririn nan?